Akwatin wayar girke daga Amurka: zai iya shan intanet ɗin modem ta cikin laftof?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya aiko wa mahaifiyarmu wani ɗan akwati da ake jona wa wayar girke, mai lambar can, don ta riƙa amsa kiransa ba tare da ta sha fama da babbar waya ba, saboda idonta ya yi rauni. Ya ce sai an ba akwatin intanet ta kebul. Mu kuwa a nan Kumo ba mu da intanet na gida, sai modem da nake soka wa laftof ɗina, wani lokaci kuma in jona wayata. Na haɗa laftof da akwatin da kebul, fitila ta kama, amma idan na ɗaga kan wayar shiru nake ji. Akwai yadda za a yi laftof ɗin ta ba shi intanet?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka wa ƙanenka da alheri bisa wannan zumunci.

Idan na fahimce ka, Malam, kana son intanet ya shigo laftof ta ramin USB, ya fita ta ramin kebul, ya isa akwatin, wato laftof ta tsaya a matsayin na'urar rarraba intanet da ba ku da ita a gida. Wannan abu ne mai yiwuwa, kuma ba sai ka sayi wata manhaja ba, domin tun shekarar 1999, da fitowar bugu na biyu na Windows 98, Microsoft ya sanya hanyar raba intanet a cikin Windows, ana kiranta ICS a taƙaice. Na sha haɗa irin wannan a gidaje da ofisoshi a nan Gombe. Sai dai tun yanzu zan faɗa maka ra'ayina: hanya ce mai kyau ta gwaji, amma ba ita nake so ka bar Hajiya a kanta ba.

Dalilin shirun da kake ji

Akwatin nan aikinsa fassara ne. Wayar girke tana fitar da murya kamar yadda take yi tun zamanin layukan NITEL, shi kuma ya yayyanka muryar zuwa ƙananan ƙulli na bayanai, galibi ƙulli 50 a kowace daƙiƙa, ya tura su ta intanet. Kafin ya yi haka sai ya fara yin rajista da uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ba da lambar, ya sanar da ita inda yake a wannan lokaci. Ƙarar nan da ake ji idan an ɗaga kan waya akwatin ne da kansa yake yin ta, kuma da yawa daga cikinsu ba sa yin ta sai rajista ta kammala. Saboda haka shirun ba alamar lalacewa ba ne, alama ce ta cewa bai kai ga uwar garke ba.

Fitilar da ta kama kuwa ta shaida cewa kebul ɗin lafiya yake, iyakarta ke nan. Akwatin yana nan yana neman wanda zai ba shi adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa, ita kuma laftof ba ta raba adireshi sai an umarce ta. Kafin ka taɓa komai a Windows, duba bayan akwatin: wasu rami ɗaya na intanet gare su, wasu biyu. Idan biyu ne, wanda aka rubuta wa Internet ko WAN shi ne naka. Ita ma wayar ka tabbatar tana ramin farko, domin a mafi yawan lokuta shi kaɗai ake saita wa lamba.

Yadda ake buɗe rabon

Ka fara haɗa modem har ka tabbatar shafuka suna buɗewa a laftof. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta ncpa.cpl, za ka ga dukkan hanyoyin sadarwar kwamfutar a jere. A nan mutane suka fi yin kuskure. Ana buɗe rabon ne a kan hanyar da take kawo intanet, wato ta modem, ba a kan hanyar kebul da za ta karɓa ba. Ka danna ta modem da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka koma shafin Sharing, ka sa alama a layin farko mai ba wasu na'urori izinin bi ta wannan kwamfuta, sannan a ƙasa ka zaɓi Ethernet. Da ka amince, Windows zai ba ramin kebul adireshin 192.168.137.1, ya kuma fara raba adireshi ga duk abin da aka jona a wurin. Idan modem ɗinka irin na da ne, mai manhajar da ake danna maɓallin haɗawa a cikinta, sai ka yanke haɗin ka sake haɗawa kafin saitin ya kama.

Daga nan ka zare wutar akwatin, ka ƙirga goma, ka mayar, ka ba shi kamar minti biyu. Wasu akwatunan suna faɗa maka adireshinsu da baki ko da ba su yi rajista ba. A na Linksys da Cisco, irin su PAP2T da SPA112, ana danna tauraro sau huɗu a wayar, sannan 110 da alamar #. A na Grandstream, irin su HT801 da HT802, tauraro uku ne sannan 02. Idan muryar ta karanto lambobi masu farawa da 192.168.137, rabon ya kama. Idan sifili take ta jerowa, to adireshi bai iso ba, kuma abu na farko da nake zargi shi ne manhajar kashe cutar kwamfuta mai katangar tsaro tata, domin wasunsu suna tare neman adireshin. Ka dakatar da ita na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Abu na biyu shi ne ƙanenka ya taɓa ba akwatin tsayayyen adireshi na gidansa, wanda sai an mayar da shi ya riƙa karɓa da kansa.

Windows hanya ɗaya tak yake rabawa a lokaci guda. Ranar da ka zare modem ka jona wayarka ta USB, sai ka sake buɗe rabon a kan sabuwar hanyar da ta bayyana. Ko ramin USB ka sauya wa modem, wani lokaci Windows yakan ɗauke shi baƙo. Idan kuma laftof ɗin ƙaramar tsohuwa ce mai Windows 7 Starter, babu wannan shafi a cikinta kwata-kwata. Masu Mac da Ubuntu su ma suna da nasu, na farko yana ba da 192.168.2.1, na biyu 10.42.0.1.

Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce ka zaɓi hanyoyin biyu ka yi musu gada, abin da Windows ya rubuta Bridge Connections. Ban ba ka shawarar haka ba. Idan modem ɗin ba ya raba adireshi da kansa, gada tana sa akwatin ya nemi adireshi kai tsaye daga kamfanin layi, kamfanin kuwa adireshi ɗaya yake ba kowane layi, kuma laftof ta riga ta ɗauka. Haɗin modem irin na da ma Windows ba ya yarda a yi masa gada.

Kira yana fita, amma ba ya shigowa

Wannan shi ne inda aikin yake, kuma shi ya fi shafar ku, tun da Hajiya amsawa za ta fi yi. Ka ɗauki misalin babban gida mai zaure uku, kowane da mai gadinsa. Duk wanda ya fita daga ciki, mai gadi zai riƙe fuskarsa, idan amsar saƙonsa ta dawo ya bar ta ta wuce. Baƙon da ba wanda ya fita ya kira shi kuwa, a waje zai tsaya. Zauren farko Windows ne. Na biyu modem ɗin, idan irin na zamani ne mai shafin saiti nasa, kamar na Huawei da ake shiga ta 192.168.8.1. Na uku kuma na kamfanin layi ne, domin adireshin intanet irin na da ya yi ƙaranci a duniya, saboda haka kamfanonin wayar hannu suna haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Har wani rukunin adireshi aka ware wa wannan aiki a shekarar 2012, mai farawa daga 100.64. Zauren farko da na biyu suna hannunka, na uku ba ka da iko da shi, shi ya sa duk bayanin da za ka gani na buɗe ƙofa ta 5060, wadda saƙon kiran intanet yake bi, a kan na'urarka ba zai amfane ka a layin waya ba.

Matsalar masu gadin nan ita ce mantuwa. Idan akwatin ya yi rajista ya yi shiru, cikin minti ɗaya ko biyu, wani lokaci ƙasa da haka, za su share sunansa. Shi kuma a saitinsa na asali sau ɗaya yake sabunta rajista a awa, wato daƙiƙa 3600. Tsakanin nan uwar garke tana turo kira zuwa ƙofar da aka riga aka rufe. Na taɓa yin kwana biyu ina zirga-zirga zuwa wani gida a Tumfure a kan haka: duk lokacin da na gwada a gabansu waya ta yi ƙara, da na kai bakin titi sai a kira ni a ce ɗansu yana ta bugowa ba ta shiga. Ashe gwajina ne yake ruɗa ni, domin ina kunna akwatin nake sa a kira, ƙofa tana buɗe. Tun daga ranar, ba na cewa aiki ya kammala sai na bar waya ta yi rabin awa ba a taɓa ta ba, sannan a kira daga waje.

Maganin yana cikin shafin saitin akwatin, wanda za ka buɗe ta rubuta adireshinsa a manhajar shiga intanet ta laftof. A na Linksys da Cisco ka mayar da NAT Mapping Enable da NAT Keep Alive Enable zuwa yes, ka rage Register Expires daga 3600 zuwa 60 ko 120. A na Grandstream ka sa NAT Traversal a kan Keep-Alive, ka rage lokacin rajista, wanda su da minti suke ƙirga shi. Ma'anar duka ita ce akwatin ya riƙa leƙowa zaure a kai a kai yana gaida masu gadi. Datar da wannan ke ci ba ta taka kara ta karya ba. Idan kira ya shiga amma ɓangare ɗaya ne kawai yake jin ɗaya, daga wannan tushe matsalar take, kuma idan modem ɗin yana da wani saiti mai suna SIP ALG, kashe shi yakan warware ta. Inda kamfanin ya yarda a yi rajista ta tsarin aika bayanai na TCP ko TLS maimakon na UDP da aka saba, na fi son haka, domin masu gadi sun fi daɗewa suna tuna irin wannan haɗi.

Ban ga akwatinku ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Idan na kamfani ne da ya zo a saice, irin na Vonage ko Ooma ko magicJack, to yawancin waɗannan saituka a kulle suke, ba ni ba kai ba mai iya taɓa su. Sauƙin abin shi ne an ƙera su ne don su yi aiki a bayan irin waɗannan zaurukan, saboda haka da sun sami intanet sukan kama da kansu. Wanda ya ƙi kamawa, ƙanenka ne mai asusun, shi zai tuntuɓi kamfanin, ya kuma tambaye su sharaɗinsu game da amfani da akwatin a wajen Amurka.

Data da ingancin murya

Mutane sukan ɗauka kiran intanet yana buƙatar gudu mai yawa, alhali ba haka ba ne. Tsarin matse murya da aka fi amfani da shi, G.711, yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, idan an haɗa da bayanan da ke kan kowane ƙulli ya kai kamar 80, zuwa da dawowa 160. Idan ka lissafa, kusan megabait 1.2 ke nan a minti, wajen 72 a awa. Akwai G.729 da yake matsewa sosai, wanda awa guda a kansa ba ta wuce megabait 22 ba, sai dai muryar takan ɗan shaƙe. Hirar rabin awa kullum da G.711 za ta ci gigabait ɗaya da 'yan kai a wata.

Abin da murya take so shi ne daidaito. Shafin intanet idan ya makara da daƙiƙa ɗaya ba wanda zai lura, amma ƙullin murya da ya makara zubar da shi ake yi, shi ne kake jin magana tana yankewa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milidaƙiƙa 150 ba a tafiya ɗaya ba ya damun hira, wanda ya haura 400 kuwa bai dace ba. Nisan Amurka kaɗai ya cinye wani kaso na wannan, saboda haka ɗan jinkiri tsakanin tambaya da amsa ba makawa, kuma dattawa sukan saba da shi da wuri. Za ka iya auna naka: ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta cmd, a baƙar tagar da ta buɗe ka rubuta ping 8.8.8.8 -t, ka zuba ido minti biyar a kan lambobin jinkiri da take nunawa da milidaƙiƙa. Wannan ba Amurka yake aunawa ba, lafiyar sabis ɗinka yake nunawa. Idan lambobin suna kusa da juna, madalla. Idan suna tsalle daga 60 zuwa 900 su dawo, ko layuka suna ɓacewa, kira zai wahala ko da sandunan sabis sun cika.

Ka yi wannan awo a lokacin da za a riƙa kiran. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi, kuma a abin da na gani, daga bayan Magariba zuwa ƙarfe goma ne turakun sabis suka fi cika. Daga nan Gombe ba zan iya ce maka ga layin da ya fi a unguwarku ba, domin ko a cikin gari ɗaya abin yana bambanta daga titi zuwa titi. Ka ari layukan maƙwabta ka gwada. Ka kuma sayi dogon kebul na USB ka rataye modem a taga, ka kulle shi a kan 4G idan yana samuwa, domin idan ya faɗo zuwa 2G kira ya ƙare. Ita ma laftof ɗin kishiya ce ga akwatin: Windows ba ya fifita murya a kan sauran abubuwa a wannan rabo, saboda haka da ya fara sauke sabuntawa, ko wani ya buɗe bidiyo, muryar Hajiya ce za ta biya. Sanya haɗin a matsayin Metered connection, wato mai tattalin data, a saitin Windows yana rage wannan.

Abin da ya sa ba na son a dogara da laftof

Wayar girke amfaninta shi ne tana nan kullum. A wannan tsari kuwa, da laftof ta yi barci waya ta mutu. Dole ka hana ta barci, ka saita rufe murfi ya zama ba ya yin komai, ka hana Windows kashe ramukan USB da katin sadarwa don tattalin batir. Ko ka yi duk wannan, akwai wata sananniyar matsala a Windows 10, inda rabon yake daina aiki bayan an sake kunna kwamfuta alhali alamar tana nan a wurinta. Microsoft ya bayyana gyaranta, wato a ƙara wani saiti mai suna EnableRebootPersistConnection a rumbun saitin Windows, amma wanda bai saba shiga wurin ba gara ya cire alamar ya mayar da ita duk lokacin da abin ya faru. Ka haɗa da zafin watan Maris da Afrilu a ƙasarmu, laftof a kunne dare da rana a kan caji, batir ba zai yi tsawon rai ba. Sannan laftof ɗin taka ce, Malam. Ranar da aiki ya kai ka Gombe ko Billiri da ita, Hajiya ba ta da waya, kuma ba za ta san dalili ba, sai dai ta ce yaron nan ya kwana biyu bai kira ba.

Saboda haka ka yi amfani da laftof ka tabbatar da abu biyu: akwatin yana rajista daga Najeriya, kuma sabis ɗin gidanku yana ɗaukar murya. Idan sun tabbata, ka sayi rauta, wato na'urar rarraba intanet, mai cin layin waya wadda take da ramin kebul, irin su TP-Link TL-MR6400 ko Huawei B315, ka sa mata layi nata, ka jona akwatin a bayanta. Ka rage zaure ɗaya ke nan, wutar da take ci kaɗan ce, kuma idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, da kanta take tashi. Idan kana son ci gaba da modem ɗin da kake da shi, akwai ƙananan rauta masu ramin USB, kamar TP-Link TL-MR3020, amma ka je shago da modem ɗin a gwada a gabanka, domin ba kowane suke ganewa ba. Ƙaramar MiFi ta aljihu yawanci ba ta da ramin kebul, ba za ta yi ita kaɗai ba. Wata rautar za ka ga tana da ramin wayar girke a jikinta. A mafi yawansu wannan na kiran layin da ke cikinta ne, ba ruwansa da lambar Amurka, don haka akwatin yana nan a matsayinsa.

Ka duba rubutun da ke jikin kowane abin caji da ya zo cikin kayan kafin ka soka shi a bango. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 230. Na akwatunan galibi an rubuta musu 100 zuwa 240, ba matsala, amma wayoyin girke marasa igiya da ake sayowa can da yawa 120 kawai suke ɗauka, kuma na ga wadda ta yi hayaƙi tun kafin a yi kiran farko da ita. Ga Hajiya ma na fi son waya mai igiya da manyan lambobi, wadda daga akwatin take samun wutarta. HT801 da HT802 kuwa wutar volt 5 suke ci ta ƙaramin ramin USB, fawabanki ma yana riƙe su, sai ka nemo wa rautar ƙaramin batir irin nata ko ka jona ta a sola.

Lambar nan ta Amurka ce ko da akwatin yana tsakar ɗakin Hajiya a Kumo. Ba za ta kira 112 na gaggawa na Najeriya ba, kuma idan yaro ya danna 911 da wasa, kiran zai iya tafiya can bisa adireshin da ƙanenka ya yi rajista da shi. Ƙaramar wayarta ta hannu ta ci gaba da zama kusa da ita. Haka nan duk wanda ya ɗaga ta ya kira lambar Najeriya, da 011 da 234 a gaba, kiran ƙasar waje ya yi, ko da maƙwabcin bayan katanga ya kira, kuma ƙanenka ne zai ga lissafin a ƙarshen wata. Ka sanar da jikoki tun ranar da aka kafa ta, ko ka roƙe shi ya rufe kiran ƙasashen waje daga asusunsa.